Ba Yaranmu Ba Ne, Yaran Ɗan Kwangila Ne

Kwanakin baya aiki ya kai ni wani babban gari, na sauka a wani otal mai matsakaicin kuɗi, irin wanda ofis kan biya wa ɗan jarida ba tare da akawu ya ɓata rai ba. Da dare ya yi nisa barci ya ƙi zuwa, sai na fito shan iska a bakin ƙofa, na tarad da mai gadi zaune bisa benci ya rungume 'yar rediyonsa. Muka gaisa, da ya ji Hausa a bakina sai ya matsa mini wuri. Hira ta yi hira, har na tambaye shi yaushe rabonsa da gida. Ya ce ya kusa shekara biyu. Na ce, "Haba Malam, ko da Salla?" Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai in na tafi kuɗina sun tafi."

Da na nemi bayani, sai ya warware mini zare da abawa. Mutumin da ya ɗebo su daga ƙauye shi ya karɓe albashin watansu na fari, wai la'adarsa ke nan. Kamfanin gadin da ya ɗauke su kuwa kullum yana riƙe da albashinsu na wata biyu, wai jingina ce don kada wani ya gudu da kayan aiki, kuma wanda ya tafi ba da yardar ofis ba ya yafe. Katinsa na ɗan ƙasa yana cikin durowar ofishin kamfani tun ranar da ya kama aiki. Ranar hutu babu ita, rana ɗaya da zazzaɓi ya kayar da shi bai fito ba sai da aka yanke masa kuɗin kwana uku. Duk wannan ya faɗa mini ne a hankali, kamar mai ba da labarin damina, domin a ganinsa haka aikin gadi ya gada.

Da gari ya waye na tuntuɓi manajan otal ɗin, mutum mai fara'a da sanin darajar baƙo. Ya saurare ni tsaf, sa'an nan ya ce, "Ai Malam, waɗannan ba yaranmu ba ne, yaran ɗan kwangila ne. Mu dai ƙarshen wata muna biyan kamfaninsu cif, ko kwabo ba su binmu." Na tabbata ba ƙarya ya yi mini ba. Amma wannan magana tasa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako, domin irinta ake ji a bankuna da asibitoci da makarantu masu zaman kansu da gidajen mai, duk inda aka ba wani kamfani kwangilar shara da gadi da wanki da dafa abinci. A bayan wannan magana ne aikin tilas da fataucin mutane suka sami maɓoya a zamaninmu.

Kafin mu dawo gida, bari in kai mai karatu ƙasar Ingila, inda aka yi wani abu da ya isa ishara. Ran 30 ga watan Satumba na 2024 gidan rediyon BBC ya bayyana labarin wasu mutum 16 'yan Jamhuriyar Cek waɗanda wani gungun masu fataucin mutane, 'yan gida ɗaya, suka kawo Ingila suka sa su aikin tilas fiye da shekara huɗu. Wasunsu a wani reshen gidan abincin McDonald's da ke ƙauyen Caxton a yankin Kambirij suka yi aiki, wasu kuwa a wani gidan burodi da ke sayar wa manyan kantunan ƙasar kaya, irin su Tesco da Sainsbury's da Asda. Akasarin mutanen nan marasa galihu ne tun a ƙasarsu, wasu ba su da wurin kwana, wasu shaye-shaye ya ci ƙarfinsu. Aka ƙwace fasfonsu, aka cusa su a wuraren da ba su dace da ɗan Adam ba, har da wata rumfa mai yoyo. Wanda ya gudu ya koma gida sai a bi sawunsa a dawo da shi. Abin bai ƙare ba sai a watan Oktoba na 2019, sa'ad da wasu daga cikinsu suka kai kuka wurin 'yan sandan ƙasarsu, su kuma suka tsegunta wa 'yan sandan Ingila. Daga baya kotu ta sami mutum shida daga cikin gungun da laifi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a labarin nan shi ne, a kan takarda ba a cuci kowa ba. Ana biyan mutanen nan albashi daidai da abin da dokar ƙasar ta ƙayyade, ko fiye. Sai dai kuɗin ba su isa hannunsu. A gidan abincin kaɗai, albashin aƙalla mutum huɗu, wanda ya kai Fam 215,000, cikin asusun banki guda ɗaya yake zuba, asusun kuwa yana hannun 'yan gungun. Mutanen ba su jin Turanci, saboda haka wani ɗan gungun ne ya cike musu takardun neman aiki, har ya zauna a wurin ganawar ɗaukar aiki a matsayin tafinta. Suna aikin awa 70 har zuwa 100 a mako, akwai wanda ya yi awa 30 a tsaye ba tashi. A gidan burodin kuma ma'aikata tara adireshin gida ɗaya suka bayar.

To, jama'a, a dubi waɗannan alamu ɗaya bayan ɗaya. Wace ce daga cikinsu take bukatar ɗan sandan ciki ko na'ura mai tsada kafin a gano ta? Lambar asusun banki tana cikin takardar biyan albashi. Awannin aiki suna cikin littafin shiga da fita. Adireshi yana cikin fayil. Watau duk shaidar tana cikin ofis, a gaban akawu, wata bayan wata har fiye da shekara huɗu, ba a sami wanda ya jera lambobi huɗu ya ga iri ɗaya ne ya ce ruwa ba ya tsami banza ba. Daga baya kamfanin McDonald's ya ce ya gyara tsarinsa don a riƙa gano asusun da aka yi tarayya a kansa da awannin da suka wuce kima, a kuma sake duba sha'anin tafinta. Su kuwa manyan kantuna, da yake burodi kawai suke saye, taki ɗaya ke nan tsakaninsu da ma'aikatan, ba wanda ya gano abin daga cikinsu. In har wanda ma'aikata suke cikin littafinsa bai gani ba, ina ga wanda ya sa ɗan kwangila a tsakani don kada ma ya san sunayensu?

Ya kamata a nan in bambance abu biyu, don kada wani ya ce na mai da kowane aiki mai wuya bauta. Aiki mai ƙaramin albashi abu ne daban, aikin tilas kuma daban. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930, wadda Nijeriya ta amince da ita tun 1960, ta bayyana aikin tilas da cewa shi ne aikin da aka sa mutum bisa barazanar wani horo, wanda kuma bai miƙa kansa gare shi da son ransa ba. Ma'aunin ke nan: shin in ya ga dama yana iya ajiye aikin ya kama gabansa? Dattawanmu sun san irinsa na dā, sun san ɗiban gwamna, sa'ad da Turawan mulki suka riƙa kwasar talakawa daga ƙauyukan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos tsakanin 1942 da 1944. Wancan da dogari da bulala aka yi shi, kowa yana gani. Na yanzu da bashi ake yinsa, da riƙe albashi, da ƙwace takardun shaida, da tsoratar da baƙo cewa za a kira masa jami'an shige da fice. Mai gadin nan da muka yi hira ba a ɗaure shi ba, ga ƙofa a buɗe, shi ne ma yake tsaronta, amma albashin wata biyu da kati ɗaya sun riƙe shi shekara biyu.

A ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2022, an ƙiyasta mutum miliyan 27.6 suna cikin aikin tilas a duniya a shekarar 2021, miliyan 3.8 daga cikinsu a nahiyar Afirka. Yawancinmu in aka ambaci wannan sai hankalinmu ya tafi gonakin koko da ramukan ma'adinai da masaƙu. Amma ƙididdigar ta nuna cewa, a cikin manyan mutane da 'yan kasuwa ke sa wa aikin tilas, in aka ware waɗanda ake tilasta wa karuwanci, ayyukan hidima ne suka fi yawa, watau irin su otal da gidan abinci da sufuri da shara da ciniki, mutum miliyan 5.5, ban da masu aikatau a gidaje waɗanda aka ƙidaya su daban, miliyan 1.4. Hanyar tilastawa da ta fi kowace yawa kuwa ita ce riƙe albashi, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen ta haka aka kama su. A 2024 ƙungiyar ta sake ƙiyasta haramtacciyar ribar da ake samu daga aikin tilas, ta ce ta kai Dala biliyan 236 a shekara. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mafarin abin sau da yawa tun kafin a kama aiki ne, wato ranar da mai neman aiki ya biya kuɗi don a ba shi aiki. A nan ne misalin ƙasar Katar yake da amfani gare mu, tun da yake samarinmu da matanmu ma suna ta neman hanyar ƙasashen Larabawa. Saurayi ya sayar da gonar gado ko ya ci bashi mai ruwa ya ba ɗan kamasho don biza da tikiti, ya isa can ya tarar albashin bai kai abin da aka yi masa alkawari ba, ga masu bashi suna sallama a ƙofar gidan ubansa. Irin wannan ko an buɗe masa ƙofa ba zai fita ba. Gabanin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2022 Katar ta yi gyare-gyare: a 2020 ta soke sharaɗin cewa sai da izinin ubangida ma'aikaci zai sake wurin aiki, ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin albashi Riyal 1,000 a wata, ban da kuɗin abinci da na masauki, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2021. Duk da haka, a watan Afrilu na 2022 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan masu gadi 34 na kamfanonin tsaro takwas a ƙasar, cikinsu har da 'yan Kenya da Yuganda, waɗanda akasarinsu suka ce awa 12 suke yi kullum, kuma sukan yi watanni, wasu ma shekaru, ba hutun rana ɗaya, alhali dokar ƙasar ta ba su hutun rana guda a mako. Wanda ya ɗauki hutunsa sai a yanke masa albashi. Aƙalla uku daga cikin kamfanonin nan sun yi gadi a wasannin da hukumar FIFA ta shirya. Mai karatu ya lura, labarinsu da na mutumina na bakin ƙofar otal kamar an tsaga kara.

Akwai kuwa wata dabara da kwamitin shirya gasar ya yi wadda ta burge ni. Da yake ɗan kamasho ba ya ba da rasit, ma'aikaci ba shi da hanyar tabbatar da cewa ya biya kuɗin neman aiki. Sai kwamitin ya juya maganar: ɗan kwangila ne zai kawo shaidar cewa shi ya biya kuɗin ɗebo ma'aikatansa, in ya kasa, to ya mayar musu da kuɗinsu. Dubban ma'aikata sun amfana, ko da yake 'yan kaɗan ne in aka gwada da yawan baƙin ma'aikatan ƙasar. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan mai sauƙi ce, cewa wanda yake bukatar ma'aikaci shi zai biya kuɗin nemo shi. Ita ce kuma ke cikin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta 1997 game da kamfanonin samar da ma'aikata, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2023. A takarda mun amince. A tashar mota da ofisoshin 'yan kamasho kuwa har yanzu albashin watan fari na wanda ya kawo ka ne, kuma ba mai ganin abin da aibi.

Mu dawo gida sosai. Cikin shekarun nan kusan kowace babbar ma'aikata ta sallami masu shararta da masu gadinta ta koma ɗaukar su ta hannun kamfani. Ba na cewa wannan haramun ne, akwai kamfanoni masu tsoron Allah da ke biyan mutanensu a kan kari. Amma a dubi yadda ake ba da kwangilar. Ana kiran kamfanoni su kawo farashi, a ba wanda ya fi araha, a yi murna an rage kashe kuɗi. Mu yi ɗan lissafi, misali kawai. Tun watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 ne a wata. In ɗan kwangila ya ce zai kawo maka masu gadi goma a kan Naira 600,000 a wata, kowane mutum ɗaya Naira 60,000 ke nan ya faɗo a kansa, tun ba a cire kuɗin riga da takalmi da tocila da hayar ofis da ribar mai kamfani ba. Daga ina ribar za ta fito? Ba ta da wata mafita sai daga cikin mai gadi: a rage masa albashi, a hana shi hutu don mutum ɗaya ya yi aikin mutum biyu, a ƙirƙiro tara, a riƙe wani abu don kada ya tafi. Wanda ya sa hannu a wannan kwangila ya riga ya san abin da ya saya, ko da bai taɓa gaisawa da mai gadi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Daɗin daɗawa, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka ƙananan 'yan kwangila da yawa suna da inuwar fakewa.

Kada kuma masu ƙananan sana'o'i su zaci maganar ta manyan otal ce kaɗai. Mai sayar da abinci a bakin tasha a Ikko ko Abuja ko Kano, wadda wata dillaliya ke kawo mata 'yan mata daga ƙauye su yi wanke-wanke da ɗiban ruwa tun asuba har tsakar dare, ƙarshen wata kuma dillaliya ce ke zuwa karɓar kuɗinsu, ita ma tana da nata ɗan kwangilar. In ka tambaye ta za ta ce ai ta biya uwar ɗakinsu. Yarinyar ba ta san nawa ne ladanta ba, ba ta san hanyar garinsu ba, ba ta da kuɗin mota. Wannan da asusun bankin nan na Caxton duk kanwar ja ce. Na san muna da al'adar riƙo da ta koyon sana'a a hannun dangi da makwabta, kuma mutane da yawa sun zama mutane ta wannan hanya. Amma riƙo na gaskiya iyaye sun san inda ɗansu yake, suna zuwa, yana zuwa, ana kuma sa shi makaranta. Inda aka yanke wannan igiya, aka sa dillali a tsakani yana cin gumin yaro, sunan abin ya sake.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku, a ba shi hutun rana ɗaya cikin bakwai, kuma mai ɗiban ma'aikata don wani sai da lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago. Kamfanin gadi ma sai da lasin, hukumar Sibil Difens ke sa musu ido. Amma wadda nake so masu otal da masu makarantu su karanta da kyau ita ce dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita. Sashe na 22 na dokar bai tsaya kan wanda ya ɗebo mutum ko ya yi jigilarsa ko ya ba da hayarsa don aikin tilas ba, ya haɗa har da wanda ya bari aka yi amfani da wurinsa don wannan aiki, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba da tarar da ba ta gaza Naira miliyan ɗaya ba. Sashe na 23 ya haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida. Ni ba lauya ba ne, amma ban ga yadda maganar nan ta "yaran ɗan kwangila ne" za ta zama garkuwa ga wanda aka faɗa masa abin da ke gudana a harabarsa ya kau da kai ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya, suka ɗora wa manyan kamfanoni nauyin bayani. A Birtaniya dokar 2015 ta wajabta wa kowane kamfanin da cinikinsa ya kai Fam miliyan 36 a shekara ya buga sanarwa kowace shekara kan matakan da ya ɗauka don kawar da bauta daga harkarsa da ta masu kawo masa kaya. Akwai masu kira a yi irinta a nan, ni ma ba na ƙi. Sai dai a tuna, shekaru da dama daga cikin lokacin da ake cin gumin mutanen nan a Caxton da gidan burodi, a ƙarƙashin wannan doka ake, manyan kamfanoni suna ta buga sanarwa mai daɗin karatu. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2024 wadda za ta fara aiki a watan Disamba na 2027, ta hana sayar da kayan da aka yi da aikin tilas a kasuwanninta. Wannan kaya ta shafa. Ɗakin da aka share da ƙofar da aka tsare ba su bi ta gaban jami'in kwastan, saboda haka ayyukan hidima ba su da mai duba su sai wanda ake yi wa hidimar.

To, me mai otal ko mai makaranta zai yi? A ganina abu na fari shi ne ya daina karɓar jimla. Ya ce wa ɗan kwangila ya rarrabe masa farashi, nawa ne albashin kowane mutum, nawa ne kayan aiki, nawa ne riba, kuma ya rubuta cikin yarjejeniya cewa yana da ikon ganin shaidar biya. Yanzu da mutane da yawa ke da asusun banki ko na waya, ba wuya a ga cewa sunan da ke kan asusu shi ne sunan mai aikin, kuma ba asusu ɗaya ne ke haɗiye albashin mutum biyar ba. Akawu ɗaya zai gama wannan kafin azahar. Littafin shiga da fita na masu gadi a harabarka yake, in ka ga suna ɗaya kwana talatin a jere ba ka bukatar kowa ya fassara maka. Sa'an nan akwai abin da ba ya cin ko kwabo, watau a yi magana da mutanen. A kira mai shara gefe, ba a gaban shugabansa ba, ba kuma ta bakin wanda ya kawo shi ba, a cikin harshen da yake ji, a tambaye shi ko ya biya wani kafin ya sami aikin, ko katinsa yana hannunsa, ko ana binsa bashi, ko in ya so tafiya gobe akwai abin da zai hana shi. Amma wanda zai yi wannan tambaya ya tabbata zai iya kāre mai amsawa, in ba haka ba ya jawo masa kora ne kawai.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da masu kyakkyawar niyya kan yi. Da sun gano ɓarna sai su fusata su soke kwangila nan take, su wanke hannunsu. Washegari ɗan kwangila ya kwashe mutanensa ya kai su wani wuri, ko ya watsar da su ba albashin da ya riƙe, ba kati, ba kuɗin mota. Otal ya tsira da sunansa, mai gadi ya rasa wata biyunsa. Abin da ya fi shi ne a riƙe kuɗin ɗan kwangila na ƙarshe har sai ya mayar da takardun mutane ya biya su abin da suke binsa a gaban shaidu, a kuma sa sharaɗi ga sabon kamfani ya ɗauki waɗanda suke son ci gaba. Inda kuwa aka ga alamar an yi safarar mutane ne, ko akwai ƙananan yara, ko duka da kulle, wannan ya wuce sulhun ofis, sai a kai ga NAPTIP, wadda ke da ofisoshi a Abuja da Ikko da Kano da Sakkwato da Maiduguri da wasu garuruwa.

Na san abin da wani mai otal zai ce, domin an sha faɗa mini: ga tsadar man janareta, ga haraji iri-iri, ga baƙi sun ragu, in ya biya farashin gaskiya maƙwabcinsa zai karya kuɗin ɗaki ya kwashe masa ciniki. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nake ganin manyan masu ba da kwangila ne ya kamata su fara, watau bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati, waɗanda kuɗin shara da gadi bai kai cikin cokali ba a kasafinsu. In su suka ƙi karɓar farashin da bai isa biyan albashin doka ba, kasuwar kanta za ta gyaru, ƙananan su bi sawu. Abin takaici, a cikin ma'aikatun gwamnati ma akan ji masu shara na 'yan kwangila suna kukan watanni ba albashi.

Bayan 'yan watanni aiki ya sake kai ni garin nan, na sauka a otal ɗin dai. Na tarar an sake kamfanin gadi, rigunan da dā shuɗɗa ne yanzu sun koma ruwan ƙasa. Na tambayi manaja labarin mutumina, ya ce tun da kwangilar wancan kamfani ta ƙare bai san inda aka kai su ba. Da dare na fito bakin ƙofa, na tarad da wani saurayi a kan bencin, muka gaisa, na tambaye shi ko katinsa na ɗan ƙasa yana tare da shi. Ya dube ni da mamaki ya ce, "A'a Yallaɓai, yana ofis."